Ɗan Macijin da Ya Ƙi Abincin Odessa

Duk wanda ya yi firamare a garinmu, nan kudancin jihar Jojiya, ya ci abincin Odessa Gaskin, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a kicin ɗin makarantar, kuma aikinta bai tsaya ga dahuwa ba. Da an gama rabo sai ta fito da ludayi a hannu tana zaga tebura. Yaron da ta ga yana tura wake gefen faranti, za ta zo ta tsaya a kansa, ba faɗa ba duka, tsayuwa kawai, har sai ya sharce. A gida ma haka take. Baƙo bai isa ya ce ya ƙoshi ba. Kafin ya rufe baki ta ƙara masa soyayyar kaza da burodin masara, ta riƙe ƙugu tana kallon bakinsa.

Mijinta Lemuel direban motar gungume ne, mutum marar yawan magana, mai sha'awa guda ɗaya a duniya: kiwon macijin masara, jan nan mai zane wanda ba shi da dafi, da ake tararwa a tsofaffin rumbuna yana farautar ɓera. A wani ɗan ɗaki bayan gida yake ajiye su. Duk shekara su yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, ya kai wa masu shagon dabbobi. Tun suna ango da amarya Odessa ta kafa doka: maciji ba ya ƙetare ƙofar kicinta, jariran ɓeran da ake ciyar da su kuma ba sa shiga firizarta. Lemuel ya sayi tasa firizar, aka zauna lafiya. Tsawon zamansu ba ta taɓa leƙa ɗakin nan ba.

Da ciwo ya kayar da Lemuel, ita ta yi jinyarsa a gida, kuma babu abin da ya fi ci mata rai kamar yadda ya daina cin abinci. Ya rasu ya bar akwatin ƙwai bai ƙyanƙyashe ba. Ƙanensa Purvis, wanda shi ma sana'arsa ke nan, ya zo ya kwashe manyan macizan, amma ƙwan ya ce a bar su inda suke, ba a jijjiga su. Cikin tsananin zafin Agusta suka fashe.

Masu wannan kiwo suna da ƙa'ida: ba a fitar da ɗan maciji daga gidan da aka ƙyanƙyashe shi sai ya yi saɓar farko, ya kuma ci abinci sau uku da kansa. Purvis ya yi ta zuwa yana ba su abinci, duk suka ci suka cika sharaɗi, ban da guda ɗaya. Ranar da ya zo kwasa, Odessa tana baranda tana yanka kuɓewa, ta ga ya loda robobin 'yan macizan a mota ya ware ɗaya a kan matakala.

"Wannan fa, Purvis? Ko hannunka ne ya gaji?"

"Wannan ba ya ci, matar yaya. Kowace ƙyanƙyasa sai an sami irinsa."

"To yaya kuke yi da su?"

Purvis ya sosa ƙeya. "Firiza. Sanyi ya ɗauke shi, ya huta. Ya fi a bar shi yunwa ta cinye shi a hankali."

Ta ajiye wuƙar. "A gidana?"

"Yau ga ikon Allah! Ke da ko hotonsu ba kya son gani?"

"Ban ce ina son sa ba. Cewa na yi babu mai rai da zai mutu da yunwa a gidan nan. Miƙo."

Haka Odessa ta karya dokarta da hannunta. Ta buɗe robar a kan teburin kicin, ta ga abu siriri kamar igiyar takalmi ya nannaɗe a kusurwa yana fitar da harshe. Robar ta yi mata kama da kurkuku. Washegari ta shiga gari ta sayo babban akwatin gilashi, da fitila, da kwanon ruwa mai kyau, ta kafa shi bakin taga inda za ta riƙa ganinsa tana wanke-wanke. Purvis ya ce mata ɗan maciji ya fi son matsattsen wuri mai duhu. Ta ce masa rowa ce kawai irin ta maza, ta san su.

Daga nan aka shiga aiki. Ta koyi narkar da jinjirin ɓera a ruwan ɗumi, ta kama shi da hantsaki, ta kai bakin ɗan macijin tana kaɗawa. Shi kuwa sai ya kawar da kai ya tsere ƙarƙashin kwanon ruwa. Ta ɗaga kwanon, ta bi shi. "Haba, ɗan nan, loma ɗaya. Don Allah loma ɗaya." Da safe ta gwada, da rana ta gwada, in ta wuce ta ƙwanƙwasa gilashin ta ga ko yana motsi.

Kowa ya kawo nasa magani. Purvis ya ce a wanke ɓeran da sabulu, warinsa ne ke korar su. Ta wanke, bai ci ba. Wata a coci ta ce a tsoma shi cikin romon kaza. Odessa ta dafa romon da ko gwamna aka ba zai nemi ƙari, ɗan macijin ya sunsuna ya juya. Har da wanda ya rantse cewa in aka zaga da shi a mota kan hanya mai gargada, jijjigar tana buɗe masa ciki. Ta ɗaura wa akwatin bel a kujerar gaba, ta bi hanyar gonakin gyaɗa har iyakar gunduma ta dawo. Abin da ta samu ciwon baya ne.

Makonni suka yi ta tafiya. Ɗan macijin ya rame, fatar gefensa ta fara tattarewa, ƙashin bayansa ya fito kamar zare. Ya daina gudu in ta ɗaga kwanon, kuma wannan ya fi gudun tayar mata da hankali, don ta san wannan kwanciya. Ta gan ta a gadon Lemuel.

Wata Lahadi bayan coci Purvis ya biyo, ya duƙa ya daɗe yana kallon akwatin.

"Matar yaya, ba wasa nake yi ba yanzu. In na dawo Asabar bai ci ba, zan tafi da shi. Barinsa haka zalunci ne."

Odessa ta jawo faranti. Ta zuba masa shinkafa da wake da dafaffen ganye, ta ajiye masa shayi mai ƙanƙara, ta tsaya a kansa.

"Ki zauna mana."

"Ci dai. Wannan ganyen na ado na sa maka?"

"Wai ke ba kya gajiya da gadin faranti? Shi ya sa yaya ma sai kin fita shanya yake..." Sai ya kama bakinsa.

"Yake me?"

Purvis ya dubi cokalinsa. "Yake ci."

"Ƙarya kake yi. Kare yake ba wa. Na sha dawowa in tarar da kwano wayam."

"Ina zaune a wurin, Odessa. Shi yake ci. Ba da yawa ba, amma yana ci. Cewa yake yi in kina tsaye kina ƙirga masa loma, maƙogwaronsa rufewa yake yi. Ya hana ni faɗa miki, wai kada ranki ya ɓaci."

Ta ja kujera ta zauna. A iya sanin dangi, ranar ce ta farko da wani ya ci abinci a kicin ɗin nan Odessa tana zaune. Can ta ce, "Kai da ka san komai, a daji wa ke wanke musu ɓera da sabulu?"

"A daji ba da ɓera suke farawa ba. Ƙananan ƙadangaru suke ci. Wasu sai an goga wa ɓeran warin ƙadangare sannan su yarda abinci ne. Na so in gaya miki, amma na san ke da ƙadangare sai tsintsiya."

Gaskiya ya faɗa. Korayen ƙadangarun barandarta sun sha tsintsiyarta shekara da shekaru. Talata da hantsi maƙwabta suka hango tsohuwa mai shekara saba'in durƙushe tsakanin tukwanen furanni tana laɓaɓawa. Ta kai cafka ta kuskure, ta sake, har dai ta damƙi wani. Ya fizge ya haye bango, ya bar mata wutsiyarsa tana motsi a tafin hannu.

"Ka ji da shi," in ji ta. "Wata za ta tsiro maka."

Ta narkar da ɓera mafi ƙanƙanta, ta goge shi da wutsiyar tun daga kai har ƙafa. Ta nemo tsohuwar robar Lemuel mai hudojin iska, wadda ta raina, ta sa ɓeran, ta sa ɗan macijin, ta rufe. Ta zura robar cikin jakar takarda, ta tura cikin kabad kusa da tukwane, ta mayar da ƙyaure. Duk wannan mai sauƙi ne. Da ta ga hannunta ya koma kan ƙyauren tun ba a je ko'ina ba, sai ta ɗauki jakarta da makullin mota ta bar gidan.

Ta je wurin mai gyaran gashi, alhali ba a daɗe da gyara mata ba. Ta shiga kanti ta zaga kowane layi ba ta sayi ko gishiri ba. Ta kai ziyara gidan wata da ba su cika shiri ba, ta zauna ta sha labarin jikokinta kaf. Sai da rana ta sunkuya sannan ta dawo.

Ta buɗe kabad, ta zaro robar, ta ɗaga ta wajen haske. Babu ɓera. A tsakiyar ɗan macijin ga wani ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa. Ta mayar da robar a hankali, ta fita baranda ta kira Purvis a waya.

"Asabar ba sai ka zo da wuri ba."

"Ya ci?"

"Ya ci. Kuma in ka ce mini ai dama ka faɗa, ba za ka ƙara ɗanɗana kazata ba."

Ci na biyu ma sai da ƙadangare, na uku kuwa ɓera zalla ya haɗiye. Purvis ya zo da akwatinsa, tunda sharaɗi ya cika, ta tambaye shi wa ya ce masa na bayarwa ne. Macijin yana nan a kicin har yau, ya fi hannunta tsawo, ɓerayensa kuma suna firizarta, ƙarƙashin ledar wake. In ta sa masa abinci sai ta fita baranda. Mu ma in muka je ta zuba mana, fita take yi. Sai dai labulen tagar kicin ɗin ba ya rufuwa duka, kuma duk wanda ya bar ganye a faranti, zai ji labari kafin ya kai mota.