Katangar Basiru da Ɗorawar Hure

A Unguwar Maje, wani ƙauye da ke gabas da Shanono, in aka yabi miyar mace sai ka ji ta ce, "Ba ni ba ce, daddawar Hure ce." Ba ƙanƙan da kai take yi ba, gaskiya ta faɗa. Hure matar Malam Yahya gajeruwa ce kakkaura, ta haura hamsin, idanunta kullum jajaye saboda hayaƙi, bakinta kuma kullum cikin dariya. Tun tana amarya take daddawa, har ta kai in iska ta kaɗo daga gidansu, baƙo kan toshe hanci, 'yan gari kuwa su haɗiyi yawu.

Arzikinta duka bishiya ɗaya ce, wata ƙatuwar ɗorawa da ta gada wajen mahaifiyarta. Gonar da bishiyar take ciki an daɗe da sayar wa Madu, wani Babarbare da kakanninsa suka zauna a garin tun da daɗewa, amma ciniki bai haɗa da ɗorawa ba. Kowa ya san gona ta Madu ce, ɗorawa ta Hure. Da bazara ake kaɗo mata 'ya'yan, ta daka, yara su sha gari, ita ta tara kalwa a buhuna. Amsa matar Madu ce ke fara kawo mata labari duk shekara in bishiyar ta yi fure, kuma daga nan ƙawancensu ya samo asali.

Sai dai kalwa ba ta da kunya wajen cin wuta. Sai a wuni ana iza mata, a kwana, tana nan da taurinta kamar tsakuwa. Ga shi ƙasarsu ba daji. Duk inda ka taka gonar wani ce, kowace bishiya da mai ita, ko busasshen reshe ne ya faɗo an san na gidan wane ne. Don haka girkin garin ya dogara ga abin da gona ta bari: karan dawa, totuwar masara, busasshen kashin shanu. Da rani ba a jin jiki. Da damina kuwa, kara in yana jibge a ƙasa ruwa ya jiƙa shi, gara ta ƙarasa saura, sai ka ga mace ta durƙusa tana hura murhu tana hawaye kamar an yi mata rasuwa.

Hure ba ta cikin masu wannan hawaye, don tana da dabararta. Duk kaka in Malam Yahya zai sabunta dangar gidan, sai ta tsaya a kansa. "Malam, a ninka. Ka san akuyoyin Madu." Ya ninka. "A ƙara kaɗan ta wajen madafa." Ya ƙara, yana gunaguni. Dangar gidan Malam Yahya ta fi ta kowa kauri a garin, har ana yi masa ba'a wai ko zinariya ya ɓoye. Abin da bai lura ba shi ne karan da ke tsaye ba ya riƙe ruwa, da rana ta leƙo ya sha iska ya bushe. In damina ta nutsa, sai Hure ta riƙa zare na ciki ɗaya bayan ɗaya tana iza wa kalwa, ta bar na waje yana rufa wa gida asiri. Kafin a yi girbi danga ta rame har kana iya hango mai wucewa.

Malam Yahya yakan tsaya ya dube ta ya girgiza kai. "Garar garin nan ba ta tsoron Allah."

"Wallahi kuwa, Malam," in ji Hure, tana juya tukunya.

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, kowa na zaune lafiya. Ba ita kaɗai ke wannan ta'asa ba, matan garin duka kan taɓa dangarsu in ta ɓaci, amma Hure ce ta mayar da abin sana'a. Mazan kuma duka gara suke zagi.

Ana nan sai Allah ya buɗa wa Basiru. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana sai dai ta faɗa wa ubansa yana ji. Ya fara da dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, ya zama yaron shago, daga baya ya buɗe nasa. Yaro ne mai zuciyar yi. Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne ya zo gida da damina ya tarar ana leƙen uwarsa daga kan hanya. Da kaka ta kewayo sai ga tifa da yashi, ga bulo, ga magina. Kafin a gama sussukar gero an kewaye gidan Malam Yahya da katanga, har da ƙofar ƙarfe mai koren fenti.

Hure ta ji daɗi, ba za a ce ba ta ji ba. Ranar da aka gama ta fita da mayafi kamar za ta unguwa, ta kewaya gidan ta baya tana shafa siminti da tafin hannu, ta dawo ta shiga ɗaki ta yi kukan murna. Ɗan da ta goya ne ya yi wannan. Mata suka yi ta zuwa barka, ta yi ta raba musu daddawa kyauta.

A cikin murnar nan aka yi ɓarnar. Basiru ya dubi tulin karan da aka saba warewa don danga, ya ce da ubansa, "Baba, wannan wahala ai ta ƙare." Aka bar wa gida na girkin rani, sauran ya sallama wa masu kiwon shanu da ke niƙa shi a inji. Hure tana bakin madafa aka ɗora dami na ƙarshe a kan amalanke. Maganar ta zo mata har baki. To, me za ta ce? Ta ce wa ɗan fari kyautarsa da gyara? Ko ta ce wa Malam garar da yake tsine wa duk shekara ita ce ke dafa masa tuwo? Ta haɗiye, ta ce a ranta Allah na nan.

Basiru bai bar ta haka ba, ya kawo mata ƙaramar tukunyar gas. Ta so ta ƙwarai. Ruwan shayin Malam da dumamen safe, kafin ka ce kwabo sun yi, ba hayaƙi ba toka. Da karan rani ya ƙare, damina ta kankama, sai ta gwada ɗora kalwa a kai. Gas ya yi iya ƙoƙarinsa ya mutu, kalwa ko gezau. Mai ɗurawa kuma sai an je Shanono, ga hanya ta cika da taɓo. Ta bi gefen gonaki tana tsince-tsince, ta samu na tuwo da ƙyar. Ranar da marka ta wuni tana zuba, Hure ta miƙa hannu bayanta kamar yadda ta saba, yatsunta suka daki bulo. Ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta wanke babbar tukunyar daddawa ta kife.

Labari ya kai wa Basiru cewa Inna ta daina sana'a don ba itace. Ya baro shago ya zo, ransa a ɓace. Ya zauna a tsakar gida kusa da ubansa, Hure na daga ƙofar ɗaki ta ba su gefe.

"Baba, ga itace tsaye a gonar Madu, a ce Inna na yawon tsintar ƙirare? Na yi magana da Tasi'u mai faskare. Ran Asabar zai zo ya sauke manyan rassa biyu, a faskara a jera a zaure su sha iska. Ba sare ta za a yi ba."

Hure ta gyara zama. Ta san wannan magana ta rassa biyu. Yayarta ma da ɗorawa ta tashi, aka sauke mata rassa biyu a wata damina, ruwa ya shiga ta wajen saran, bishiya ta daina 'ya'ya. Da aka ga ba ta 'ya'ya sai aka ce to amfanin me, aka kira masu gawayi. Yanzu wurin fili ne fetal, ko inuwar da mai noma zai ci abinci babu, yayar tata kuma a kasuwa take sayen kalwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

"Malam," in ji ta, idonta na kan tabarma, "ka gaya wa mai katanga an gode. Amma in aka ƙona uwar kalwa don a dafa kalwa, baɗi me za a dafa?"

"Baba, ka ce mata reshe tohowa yake yi."

Malam Yahya ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce shi dai lokacin salla ya yi. Basiru ya ɗauki hakan a matsayin yarda. Hure kuwa ta rasa abin da ke mata daɗi. Ta san don ita yake yi, kuma ba ta da bakin da za ta hana shi.

Kashegari Amsa ta shigo da ƙaramar tasa a hannu. "Maƙwabciya, a taimaka. Miyar kuka ba daddawa, Madu ya fara cewa ko ina fushi da shi ne." Sai ta ga tukunya a kife. Hure ta ja ta ɗaki ta zayyana mata komai, tun daga garar Malam har zuwa Asabar. Amsa ta yi dariya har da riƙe ciki, da aka zo maganar gatari kuma sai dariyar ta ɗauke. A ƙarƙashin bishiyar nan take shimfiɗe jikokinta in ana noma. Ta ɗauki tasarta ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Ba a jima ba sai ga ta da rungumen kara busasshe ƙayau, ta zube a madafa. "Ta wajen turken awaki na zaro, ba mai lura." Bayanta sai ga Tahira, matar Tasi'u mai faskaren da kansa, da nata rungumen. Kafin la'asar matan unguwa sun yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ta zaro a ƙarƙashin mayafi, kowa na cewa kaɗan ne. Miyar kowa ta lalace tun da aka kife tukunyar nan, kuma ba wadda ba ta taɓa aiko yaro hannu wofi ya koma mata da daddawa ba. Hure ta ɗora kalwa. Hayaƙi ya turnuƙe ta saman sabuwar katanga, ita tana tari tana dariya.

Ran Asabar da hantsi Basiru ya bi ta cikin unguwa zai ɗauko Tasi'u. Tun daga gidan Madu ya fara ganin abin mamaki. Danga ta yi giɓi har yana hango Amsa tana tankaɗe. Gida na gaba haka, na gaba ma haka. Ya tarar da Tasi'u tsaye da gatari a kafaɗa yana duban tasa dangar.

"Basiru, ka taɓa ganin gara irin ta bana? Jiya-jiya dangar nan lafiyarta ƙalau."

Daga ciki Tahira ta ce, "Garar tana gidan Malam Yahya, je ka gaishe ta."

Suka tafi tare. Suka tarar da tulin kara a madafa, wasu da guntun igiyar danga a jikinsu, tukunya na tafarfasa, Malam Yahya na tsugune yana jujjuya wani kara a hannu. Ya ɗago ya dubi matarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Hure, ashe duk shekarun nan..."

"Tuwo dai bai taɓa yin latti ba, Malam."

Malam Yahya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Basiru bai yi ba. Ya dubi katangarsa, ya dubi karan mutane, kunya ta rufe shi. Ya so ya rufa wa uwarsa asiri, sai ga shi unguwa guda ta tone nata don ta rufa mata. Ya juya ya ce da Tasi'u a hankali, "Ka yi haƙuri, aikin nan an fasa." Tasi'u ya sauke gatari, ya ce tunda da dangarsa ake dafawa, a ajiye masa rabonsa in ta nuna.

Basiru ya durƙusa gefen ubansa, kansa a ƙasa. "Baba, a tambayi Inna, in an yi girbi dami nawa za a ajiye mata? Ni zan ɗaura mata danga ta cikin katangar, ninki nawa take so."

Hure ta gyara wuta, ta share ido da gefen zane, don hayaƙin ranar ya yi yawa.

"Malam, ka ce masa ya fara da ta Amsa, ya bi unguwa gida-gida har ta Tasi'u. Tawa ta zo ƙarshe." Sannan ta ɗaga murya yadda har na kan hanya zai ji. "Kuma ka ce masa Allah ya yi masa albarka. Ya ba shi ɗan da zai yi masa abin da ya yi mini."