Ranar da Aka Kwance Injin Baba

Tun da Yaya ya shigo gida da maganar nan ban yarda da ita ba. Wai madatsar ruwan da zai kai Baba kamun kifi an hana shiga da injin fetur, saboda daga can ake jan ruwan sha, sai dai tuƙi da filafili ko ɗan inji mai batir. Don haka, in ji shi, dole a kwance injin da ke bayan jirgin ruwan Baba.

Yaya ɗan kasuwa ne a kasuwar Singa, ina kuma son sa, amma na san hali. Duk abin da ya kwana biyu ba a taɓa ba, a idonsa ya zama haja. Keken ɗinkin Inna haka ya fita da sunan gyara, har yau ana gyaran.

Injin nan kuwa shi kaɗai Baba ya taho da shi daga bakin Tafkin Chadi, a saman motar bandar kifi, ina goye. Jirgin katakon a nan Kano aka haɗa masa, yana ajiye a kangon da ke jikin gidanmu a Rijiyar Lemo, rufe da tamfol. Saboda ɓarayi Baba ya huda katakon baya, ya ɗaure injin da manyan notuna har huɗu. Kuma ba wanda ya isa ya ja igiyar tayar da shi sai shi. Ko Yaya, da gemunsa, sai dai ya riƙe jarkar mai.

Da na ji Baba ya amince ba gardama, sai hankalina ya ƙara tashi. Na ce lallai an yi masa daɗin baki. Ranar da akori-kura ta zo ɗaukar jirgin, na yafa mayafi na shige gaba.

"Auta, ina zuwa?" in ji Yaya.

"Inda injin zai je."

Garejin wani bakanike ne a Sabon Gari, mai gyaran janareta da injin ban ruwa. Na sami benci na zauna inda komai ke gabana. Kafin ya sa sifana sai ya ce bari a ji lafiyarsa. Aka tsoma farfelar a durom ɗin ruwa, ya ja igiya sau ɗaya, inji ya kama kamar jiya aka saye shi. Raina ya ɓaci, don Baba bai taɓa barin baƙo ya taɓa igiyar nan ba. Ga wani mai jar hula ya baro janaretansa ya zo yana leƙe, har da tambayar ƙarfin doki nawa ne injin. Na ce a raina, to, ga mai sayen ya bayyana.

Notunan sun ci tsatsa. Bakaniken ya cire tiyon mai, ya ɗiɗɗiga musu man birki, ya jira, sannan ya riƙe kan kowanne ta ciki, Yaya yana murɗawa ta waje. Uku suka fita da ƙyar, na huɗun sai da aka haɗa da guduma. Kowane bugu a ƙirjina nake jin sa. Suka rungumi injin su biyu, suna nishi, suka tsayar da shi jikin wani katako. Da na ga bakaniken ya kwashi notunan sai na miƙe.

"Malam, ina za ka da su?"

"Hajiya, ramukansu zan mayar da su, da roba da gam. In ba haka ba ruwa zai shiga jirgin."

Na koma na zauna, amma sai da na ga kowanne ya shiga raminsa.

Yana cikin ɗaurewa ya ce, "Amma Alhaji, me ya kai ku wannan wahala? Ai ga wani dam can gaba kaɗan, kowa da injin fetur yake shiga, kifin ma ya fi yawa."

Yaya ya watsa masa harara. Ni kuwa abin da nake jira ke nan. Na ja Yaya bayan akori-kurar.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Nawa mai jar hular ya taya?"

Ya dube ni ya ce, "Ban san shi ba. Ke dai yaushe rabonki da ki kalli hannun Baba na dama?"

Ya ce fitarsu ta ƙarshe, Baba ya yi ta jan igiyar nan har zufa ta jiƙa masa riga, hannun ya ƙi. Shi Yaya ya miƙa hannu zai karɓa, Baba ya daka masa tsawa, ya ce fulogi ne ya mutu. Haka suka dawo ba su jefa ko ƙugiya ba, kuma tun ranar Baba bai sake ɗaga tamfol ɗin ba. Shi ne Yaya ya yi ta cigiya har ya samo ruwan da doka ta hana fetur, don a raba Baba da igiyar nan ba tare da ya ji kunya ba.

Duk da haka a gabana aka loda injin, na kuma saya masa sarƙa da kwaɗo a shagunan Bata, don labarin keken Inna bai goge ba.

Muka tarar da Baba a zaure. Na miƙa masa kofin ruwa, na kuwa zuba ido. Ya karɓa da dama, sai hagun ta lallaɓo ta tallafi wuyan hannun, a ɓoye cikin hannun riga. Kullum ni nake kai masa ruwa, ban taɓa lura ba.

Ya dubi injin da aka jingine a kusurwa, ya shafa murfinsa, ya shiga faɗa da ƙarfi, fuskarsa kuwa a sake. Wai mutanen yanzu sun cika ƙaƙale, wai an mayar da masunci mai jan batir kamar mai cajin waya.

"Da ba don dokar nan tasu ba," in ji shi, "ja ɗaya zan yi masa ya tashi."

Yaya ya dube ni, ni kuma na sunkuya ina ɗaura sarƙa.

"Haka ne, Baba," na ce. "Dokar ce kawai."