Tuwon Hajiya da Wasan Bakin Teku

A unguwar Karama ta Dubai na girma, a wani falat mai ɗaki biyu, tare da kakarmu Hajiya Yalwa, mahaifiyar Baba. Babu murhu a Dubai, don haka kicin ne dandalinmu. Bayan magariba takan zauna gaban gas tana jiran miya ta nuna, ni da ƙannena mu baje a ƙasa. Tatsuniya ba ta dame ta ba. Ta fi son labarin mutanen da za mu gani gobe mu riƙa ƙunshe dariya.

Wanda muka fi roƙo shi ne na farkon ƙungiyar ƙwallon su Baba. Ta ce 'yan kargo ne da 'yan kasuwa suka haɗa ta, Kanawa da 'yan Maraɗi, sai wasu Kiristoci 'yan Jos masu gyaran na'urar sanyi. Duk Juma'a bayan la'asar sukan taru a bakin teku, takalma ne ragarsu. Golansu Alhaji Mamman ba ya rabuwa da waya. An taɓa zura masa ƙwallo yana cewa, "Alo, kwantenar ta iso?"

Ana nan sai wasu Sudanawa suka ce su ma nan ne filinsu. Da gardama ta yi tsawo, aka shirya a buga wasa, wanda aka ci ya bar wurin har abada.

"Ni kuwa na ce 'ya'yana ba za su fita yaƙi da yunwa ba," in ji Hajiya. Ta tuƙa tuwon shinkafa cike da babbar kula, da miyar kuka har da man shanu, ta sa Baba ya kai ta wurin tare da kular.

Bulus, kyaftin ɗinsu, ya ce, "Mama, a bari sai an tashi."

"Na dube shi kawai," ta ce mana. "Sai ga shi yana wanke hannu."

Aka fara wasa, su Baba suna tafiya kamar masu dakon siminti. Sau ɗaya ƙwallo ta zo wa Baba a gaban raga, ya tsaya yin gyatsa. Kafin hutun rabin lokaci an yi musu ruwan ƙwallaye, Bulus ya zauna ya dafe kai, don ya ga fili ya tafi.

Nan Hajiya ta ɗaga murfin kula ta yafito Sudanawan. Larabcinta bai wuce na salla da na cefane ba. "Yalla, habibi, shuwayya," ta ce, wato su zo su ɗan taɓa kaɗan. Babbansu ya dafa ƙirji yana godiya, ita kuwa ta ɗora masa malmala a hannu. Ba su tashi ba sai da suka suɗe kular.

Da aka koma, babu mai gudu a kowane ɓangare. Wani ya buga ƙwallo ta gangara cikin ruwa, ƙarti suka tsaya riƙe da ƙugu suna kallon igiya tana tafiya da ita, kowa yana jiran wani ya shiga. Babban Sudanawan ya zauna a yashi ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Aka zazzauna ana hira har aka kira magariba. Juma'ar da ta biyo, tare suka raba 'yan wasa.

Kullum sai mun tambaye ta, "Hajiya, da gangan kika ba su?"

"Ni da ban san inda ake zura ƙwallon ba?"

Baba yakan amsa daga falo, "Ta sani sarai."

A lokacin wayonta kawai nake gani. Sai da na fara aiki, nake fita da duhu daga Al Nahda, unguwar da na koma, in dawo a gajiye, na gane abin da yashin nan yake nufi ga mazan da suka bar iyali a gida. Nan ne kaɗai ba wanda ke aikensu, kuma Sudanawan ma ba su da wani wurin. Da an kori ko wane ɓangare, da an yi asara. Ƙungiyar tana nan har yau, rabi Hausawa rabi Sudanawa, ba ta taɓa cin kofi ba. Amma ka tambayi kowane tsoho a cikinsu wa ya ci wasan farko, zai rantse maka su ne.