Sahura Mai Kopto da Harafin C

Shekara ashirin da biyu Sahura ta yi a bakin tashar Dogon Dutsi tana sayar da kopto, kwaɗon zogale da ƙuli, kuma direbobi sun san kaifin bakinta fiye da ɗanɗanon kayanta. A Kore Mairuwa aka haife ta. Wata huɗu ta yi a lakwal, wato makarantar boko, aka kore ta, don ta ce kan malamin kamar ƙwarya.

Ɗiyarta Fadila, ungozoma, ita ta matsa mata ta tafi Yamai a yi mata hoton nono, tunda ta haura hamsin, kuma ciwon nono ne ya yi ajalin mahaifiyar Sahura. Sahura ta tafi tana mita. Da injin ya matse ta tsakanin faranti biyu, sai ta dubi mai ɗaukar hoton ta ce, "Ɗiyata, ni ba gujiya ba ce balle ki matso mai."

Likitar, wata doguwar mace mai tabarau, ta nuna mata hoton. "Inna, naman nononki a cike yake, kitse kaɗan ne. Muna auna cikarsa daga A zuwa D, ke kina C. An fi ganin haka ga masu ƙuruciya. Sai dai cikakken nama fari yake fitowa a hoto, ƙari ma fari, yana iya ɓuya. Za mu ƙara dubawa da eko, wani injin leƙa cikin jiki."

Aka duba, lafiya lau. Amma duk bayanin nan, magana ɗaya Sahura ta ɗauko.

"Likita ta ce na 'yan mata ne," ta faɗa wa Hindatu mai fura, ƙawarta da suke faɗa kullum tun ƙuruciya. "Ni C ce. Ke ko A ba na jin kin kai."

Kafin Juma'a labari ya zagaye tasha. Mijin Sahura, Maikano, mai kunyar gaske, ya sake hanyar zuwa masallaci. Fadila ta zo ta ce, "Inna, wannan fa ba lambar yabo ba ce, ƙarin kula yake so." Sahura ta juya ga masu sayen kopto. "Kun ji ta? Baƙin ciki take da uwarta."

Hindatu ta kasa haɗiye abin. Ta tattara mata huɗu suka shiga motar Yamai, kowacce ta je ta samo harafinta. Da suka dawo Sahura ta tarbe su da guɗa.

"Mi aka ba ki?"

"B," in ji Hindatu. Ba ta yi dariya ba. "Sun ga wani abu kamar ƙwayar wake. Sun ce a cire."

Sahura ta kife tasarta ta rufe da zane. Kwana tara ta yi a asibitin Yamai tana jinyar Hindatu, tana dama mata kunu, tana tsokanar masu jinya har suka riƙa leƙowa don su ji ta. Likita ta ce an tari abin da wuri.

Bayan damina Hindatu ta koma kan furarta. Duk wata shida tana zuwa a duba ta, Sahura na raka ta, kuma tun daga tasha suke fara rigima a kan wa za ta zauna kusa da taga.