Shekarar da aka sallami Adda

Yayata, wadda muke kira Adda, shara take yi a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Jimeta. Ranar da muka ji a rediyo an ƙara mafi ƙarancin albashi, sai da ta taka rawa a tsakar gidanmu na unguwar Dubeli, ta sayo mana kifi.

Da wata ya ƙare, mai asibitin ya tara masu shara, ya ce ba zai iya biyan kowa sabon albashi ba, mutum ɗaya zai riƙe. Ya zaɓi wadda ta fi ƙuruciya.

Na gan ta ta shigo da rana tsaka, na ce, "Adda, lafiya?"

Ta ce, "Sun ce in zauna a gida, ƙanwata."

Ta zaga makarantu da otal-otal har cikin Yola, ko'ina rage ma'aikata ake yi. Mai gida kuma ya ƙara kuɗin haya, wai ai ma'aikata sun samu. Dole ta cire 'yarta daga makaranta, suka koma ƙauye wurin mahaifiyarmu. Har yau ba ta sake samun aiki ba.