Fitilar Motarka da Labulen Hasumiya

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, ina shirin hawa hasumiyar filin jirgin sama don karɓar aiki, yayata ta kira ni ta ce Allah ya yi maka rasuwa. Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma. Na daɗe a gindin matakala, baƙin ciki da kunya sun hana ni ɗaga ƙafa.

Mijin yayata ne kai, amma uba ka zame mini. Kai ka kai ni filin jirgi ranar da aka ɗauke ni aikin ba jirage umarnin tashi da sauka, kana tsokanata a hanya wai yaron da bai iya tare kaji ba shi zai tare jirage. Kai kuwa aikinka ɗaukar baƙi masu yawon buɗe ido a farar bas ɗin kamfani, daga fili zuwa otal. Ka san wanda mota ke sa wa amai, ka san tsohuwar da za a sa wa akwati ta taka. Kullum da safe in ka faka, sai ka haska fitila wajen hasumiya, ni kuma in ɗaga labule. Gaisuwarmu ke nan shekara da shekaru.

Da muka shiga yajin aiki, muna da hujja. Na'urorinmu sun tsufa, mutum ɗaya na aikin mutum uku. Har gobe ba zan ce ƙarya muka yi ba. Amma daga sama jirage kawai muke gani. Ba mu ga masu wankin otal da aka sallama ba, ba mu ga masu dafa abinci da masu sayar da kayan tsaraba sun rufe rumfuna ba. Mun ga fili wayam, muka yi murna cewa an ji mu.

Kai ba ka fasa zuwa ba. Ka wanke bas, ka goge riga, ko Allah zai sa a buɗe. In rana ta yi, ka kawo mana shayi bakin ƙofa inda muke zaune da kwalaye. Abokan aikina suna tafa maka, ni ina hura hanci cewa mijin yayata na bayanmu. Ban taɓa tambayarka me ake ci a gida ba.

Ranar da muka koma aiki, na tsaya a taga ina jiran fitila. Ba ta haska ba. Washegari ma haka. Na ɗauka fushi kake yi da ni, sai ni ma na ja jikina. Da na kira gida, Yaya ta ce kana lafiya, ka yi tafiya, ban ƙara bin ba'asi ba. Ashe baƙi sun soke zuwansu na shekarar gaba ɗaya, kamfani ya sayar da motocinsa, kai kuma ka koma tuƙin babbar mota mai dogon zango, da furfurarka da hawan jininka. A wani asibiti na kan hanya ka cika, ba ɗayanmu kusa. Ajali na Allah ne, na sani. Sanin bai rage mini kunya ba.

A zaman makoki na kasa haɗa ido da Yaya. Da mutane suka ragu, na durƙusa na tambaye ta me ya sa ba a gaya mini ba. Ta ce, "Shi ya hana. Cewa ya yi a bar ka, rayukan mutane ne a hannunka, kada hankalinka ya rabu biyu kana saukar da jirgi."

Kuka kawai na yi.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya saukar da kai masauki mafi kyau kamar yadda ka sauki baƙin mutane. Yaya, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya yaran nan, ya ba ni ikon tsaya musu yadda ubansu ya tsaya mini. Waɗanda suka rasa aiki tare da shi, Allah ya buɗa muku, ku kuma yafe mana.

Jiya na koma aiki. Wata mota ce a gurbinka, direbanta bai san ni ba. Duk da haka na ɗaga labulen.