Ƙyauren da Na Ƙi

A shekarar da za a ba mu mulkin kai na gama gina ɗakina a Ƙofar Ran. Ina akawu a lokacin, da biro uku a aljihun gaba, biyu ma ba sa rubutu. Mu 'yan ofis na wancan zamani mun ɗauka Bature zai tafi ya bar mana har da wayonsa. Don haka na sa aka yi wa ɗakin rufin kwano, na juya ƙofarsa gabas, wajen hanya, saboda duk mai wucewa ya gani. Ko tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi ta san ruwan garinmu daga gabas yake bugowa. Ni da na yi boko ban sani ba.

Mahaifina kafinta ne a Ƙofar Dumi. Da ya ji saura ƙyaure, sai ya zo da igiyar awonsa, ya tarar da ni da abokan aikina muna zaune a kan kujeru kamar masu jiran hoto. Ya dubi ƙofar, ya dubi sama, bai ce mini na yi wauta ba. Cewa ya yi tunda an riga an juya ta gabas, sai katakon maɗaci, wanda ya sha iska a inuwa ya bushe har ciki. Ba za a sa masa ƙusa ba, don ƙusa tsatsa take yi ta ci itacen da ke kewaye da ita. Za a huda wannan katako, a fiƙe bakin wancan, a zura, a kafe da turakun itace. A bar 'yar tazara a gefe domin kumburin damina, a shafe shi da baƙin mai saboda gara.

Baƙin man nan ne ya tsaya mini a rai. Na hango manyan baƙin da ban taɓa yi ba suna goga fararen rigunansu a jiki. Abokaina suna ƙunshe dariya, ni kuma bakina ya riga hankalina.

"Baba, wannan ai ƙyauren rumbu ne. Yanzu zamani ya canja."

Ya naɗe igiyarsa a hannu, ya yi wa abokaina sallama ɗaya bayan ɗaya, ya tafi. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani Kirista daga wajen Dass da muke tebur ɗaya, wanda muke yi wa kallon baƙauye saboda yana zuwa ofis da tuwo a kwano.

Na samo ƙyaurena wajen wani ɗan kwangila mai yi wa gidajen Turawa aiki. Katako ne falle-falle da aka manne da gam, ga gilashi a sama, ga ƙusoshi kamar an watsa gero. Na sa aka yi masa fenti kore da fari. Mako biyu ina buɗe shi ina rufewa ba gaira ba dalili.

Ruwan Agusta ya sauka, ƙyaure ya kumbura ya ƙi rufuwa. Na sa aka sassaƙe gefensa, ya koma ya ƙi tsayawa a rufe. Tsatsa ta zubo daga kowace ƙusa ta yi wa farin fentin zane. Ana saura 'yan kwanaki bikin mulkin kai, da la'asar, hadarin bankwana ya taso da iskar nan tasa. Ina tsaye a ciki na danne ƙyauren da kafaɗa, ina ji yana ɓarewa falle bayan falle kamar albasa. Gilashin ya tarwatse a kan tabarma. Ranar da aka ɗaga tuta, buhu ne rataye a ƙofar babban akawu.

Sai da na kwana uku kafin na iya taka Ƙofar Dumi. Kunya nake ji, kuma tsoron faɗa nake yi, amma da faɗan na samu da ya fi mini sauƙi. Na tarar da shi yana fiƙe turaku. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ina son wancan ƙyauren da ya faɗa. Bai ɗago ba.

"Malam akawu, babu busasshen maɗaci. Wanda na jingine maka tun ranar da ka kama aiki, abokinka na Dass ya zo ya tambaye ni yadda ake haɗa shi, ya zauna ya saurara har na gama. Na yi masa da shi."

Bai taɓa kirana da sunana ba, don ni ne ɗan fari, amma bai taɓa kirana malam ba sai ran nan. Haka yake kiran baƙin da suka zo sayen benci.

Ɗanyen itace ya sa aka kawo, ya jingine a inuwa, ya ce sai ya shekara biyu. Baba bai kai ba, ya rasu kafin itacen ya bushe. Gidan abokin nawa yana kan hanyata ta zuwa ofis, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina wuce aikin hannun ubana kowace safiya a ƙofar wani.